Tirela a Tafin Hannu: Abin da Waya Ke Gyarawa a Harkar Manyan Motoci da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Daga Legas zuwa Kano tafiyar kilomita 1,000 ce da ɗoriya. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan babban titi mai tagwayen hanya. In aka buga lissafi, tuƙin bai wuce na awa 17 zuwa 20 ba, wato kwana biyu, ko uku idan direba ya yi barci yadda ya kamata. Amma duk mai motar da ka tambaya zai gaya maka ba abin mamaki ba ne mota ta yi sati biyu kafin ta je ta dawo. To sauran kwanakin ina suka shige?

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin maganar amfani da waya wajen tafiyar da manyan motoci, ko da yake ba da ita yawancin masu motoci ke farawa ba. Mota ba ta kawo kuɗi sai tayarta na juyawa kuma da kaya a bayanta. Duk awar da ta yi a tsaye, ko ta yi tana tafiya fayau ba lodi, ci take yi: bashin da aka sayo ta da shi yana tafiya, takardunta suna ƙarewa, direba da yaran mota suna cin abinci. Sai dai in ka zauna da wanda ya sa wa motarsa tiraka ka tambaye shi dalili, amsar kusan ɗaya ce: yana so ya kama direba. Ya gaji da jin "Alhaji, wallahi yanzu muka bar Tafa" alhali motar tana can Ogere, kusa da Legas, ko tayar da ita ba a yi ba. Ba laifi ba ne mutum ya so sanin inda dukiyarsa take. Amma wanda ya tsaya a nan ya sayi kaya mai tsada ya yi ƙaramin aiki da shi.

Bari mu fara da na'urar kanta, domin da yawa suna biyan kuɗinta ba su san yadda take aiki ba. Tiraka ɗan akwati ne baƙi wanda bai cika tafin hannu ba. Mai haɗa waya ne ke ɓoye shi a bayan allon gaban mota, ya jona shi da batir da makunni. Abu biyu ne a cikinsa. Na farko kunne ne da ke sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000 daga doron ƙasa. Idan ya ji saƙon huɗu daga cikinsu, ya san inda yake. Wannan sauraro kyauta ne, kuma ba ruwansa da kamfanin waya. Na biyu layin waya ne, sim irin na aljihunka, shi ne ke aika bayanin wurin zuwa wata kwamfuta, daga can ya faɗo cikin manhajar da ke wayar mai mota. Bambanta waɗannan biyun yana da muhimmanci. A dajin da babu sabis, tirakar ta san inda take, faɗa ne ba ta iya yi. Mai kyau takan adana bayanin ta turo shi gaba ɗaya da zarar ta shigo gari. Mai araha kuwa sai ta bar giɓi, a taswira ka ga mota ta yi tsalle daga wannan gari zuwa wancan.

Mutanen arewa maso yamma sun ga wannan ƙuru-ƙuru a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk motar da ta shiga yankin ta ɓace daga allon mai ita, a daidai wurin da ya fi bukatar ganinta. Ke nan kafin a biya kuɗi, tambayar da za a yi wa mai sayarwa ita ce: in sabis ya ɗauke, me na'urar ke yi? Sim nawa take ɗauka? In aka cire batirin mota, tana da nata na ciki da zai ba ta damar yin kuka kafin ta mutu?

Akwai kuma abin da masu talla suka fi alfahari da shi, wai kana kwance a ɗakinka za ka iya kashe injin motarka da waya. Gaskiya ne, ana yi. Amma a tuna tirela ce, mai ɗauke da tan 30 ko fiye. Kashe mata inji tana cikin gudu a gangare ba kama ɓarawo ba ne, jawo gawa ne, don injin ne ke taimaka wa sitiyari, shi ne kuma ke tara iskar birki. Na'urorin kirki ba sa karɓar wannan umarni sai motar ta rage gudu sosai ko ta tsaya.

Sai maganar gas, wato man dizal, inda rigima ta fi zafi. A farkon 2022 lita tana tsakanin naira 300 da 400. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren ta haura 700, daga baya ta tsallake 1,000. Tirela mai lodi takan yi kilomita biyu zuwa uku ne a lita guda, ke nan zuwa Kano daga Legas kaɗai tana shan lita 400 ko kusa da haka. Da wannan farashi, jarka biyu da aka zuƙe a hanya ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa 'yan bumburutu ba sa rabuwa da wuraren da manyan motoci ke yada zango.

Ma'aunin mai da ake haɗawa da tiraka wani ɗan sanda ne da ake huda saman tanki a zura shi har ƙasa. Yana auna tsayin man, waya kuma ta zana maka shi a layi. Idan mota na tafiya, layin yakan gangaro a hankali. Idan an sha mai, ya miƙe sama tsaye. Idan kuwa ƙarfe biyu na dare, inji a kashe, mota a gefen titi, ka ga layin ya faɗo lita 60 cikin minti 10, ba ka bukatar boka. Haka in takardar gidan mai ta ce an zuba lita 300 amma layin ya tashi da 250 kacal, ka san direba da mai ba da mai sun gaisa.

Sai dai kada a raina wayon mutanen hanya. Wanda ya san ana kallon tanki ba ya taɓa tanki. Akwai siririn tiyo da ke mayar da ragowar mai daga inji zuwa tanki. In aka karkatar da shi cikin jarka, man zai riƙa ɗiga ana tafiya, layin kuma ya nuna kamar motar ce ta ƙara sha. Wannan ba ya fitowa sai an jera tafiye-tafiye da yawa an kwatanta: mota iri ɗaya, hanya ɗaya, nauyi ɗaya, me ya sa wannan ke shan abin da waccan ba ta sha? Wato aikin ba na na'ura kaɗai ba ne, sai da mutumin da zai zauna ya duba. Kuma ma'aunin da ba a daidaita shi da siffar tanki ba yana iya yi wa direba ƙazafi, musamman a hanya mai gargada inda mai ke tangal-tangal. Korar mutum a kan zane ɗaya zalunci ne.

A nan ne nake ganin masu motoci da yawa suke kauce wa gaskiya. A wurare da dama albashin direban tirela ba ya kai shi ko'ina, kuma kowa ya sani, har da mai motar, cewa ragowar mai da ɗan lodin kan hanya su ne ainihin abin da yake rayuwa da shi. Yarjejeniya ce da ba a rubuta ba. Ranar da aka sa ma'auni aka toshe wannan kafa ba tare da an taɓa albashi ba, an rage wa mutum abinci ne, kuma sai ya nemi mafita: waya ta tsinke "da kanta", ruwa ya shiga na'ura, ko direban kirki ya ajiye makulli ya koma inda ba a sa ido. Masu dabara sukan yi akasin haka. Su ƙayyade man da tafiya ke ci bisa abin da na'ura ta nuna a watannin baya, su ce duk abin da direba ya rage a raba, a tura masa kasonsa ta waya ranar da ya dawo. Daga nan shi da kansa zai daina barin inji na ruri a banza, abin da ke ƙona kusan lita uku a kowace awa, ya kuma daina taka mota fiye da kima, don gudu shi ma mai yake ci.

Mu koma ga kwanakin nan da suka ɓace. A cikin manhajar ana iya zana da'ira a kan taswira, a kewaye ƙofar masana'anta, ko sito, ko kasuwar Dawanau, ko gareji. Duk lokacin da mota ta shiga da'irar ko ta fita, sai a rubuta. Ba wani abin burgewa ba ne, amma a ganina shi ne mafi daraja a duk tsarin. Bayan wata uku mai mota zai ga abin da bai taɓa gani a rubuce ba: kamfani kaza yana riƙe masa mota kwana uku kafin ya yi lodi, ɗan kasuwa kaza yana mayar da tirela sito, ba ya sauke kaya sai ya sami mai saye. Da can in ya yi ƙorafi sai a ce direbansa ne bai zo da wuri ba. Yanzu yana da ranar shiga da awar fita. Da wannan zai iya neman kuɗin jinkiri, ko ya ƙara wa mai riƙe mota farashi, ko ya daina ɗaukar kayansa kwata-kwata. Sau da yawa asarar da ke nan ta ninka ta jarkar da ake ta faɗa a kai, illa dai ita ba ta da fuskar da za a nuna wa yatsa.

Babu inda zaman jira ya kai na Apapa, tashar jiragen ruwa ta Legas, muni. Shekara da shekaru tireloli da tankoki suna jere a kan gadar Ijora da titin Oshodi zuwa Apapa, layi har cikin unguwannin Legas. Direbobi, da yawansu 'yan arewa, sukan yi makonni a wurin, a ƙarƙashin mota ake girki, a nan ake wanki, a nan ake salla. Wanda ya fi ba da na goro shi ke wucewa. A 2019 sai da fadar shugaban ƙasa ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo don buɗe hanyar, amma cunkoson ya riƙa dawowa. A ƙarshen Fabrairun 2021, zamanin da Hadiza Bala Usman ke shugabantar hukumar tashoshin jiragen ruwa, aka ƙaddamar da manhajar Eto, wadda aka damƙa wa kamfanin Truck Transit Parks gudanar da ita. Tsarin mai sauƙin fahimta ne: a yi wa mota rajista, a nemi izinin shiga ta waya a biya, motar ta zauna a garejin da aka amince da shi, kada ta hau titin tashar sai an kira ta.

Layin ya ragu, wannan ba a musu. Amma abin da ya biyo baya shi ne darasin. Cuwa-cuwar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Aka riƙa samun rahotannin masu kame tikiti su sayar da tsada, da masu amfani da lambar mota ta bogi, da shingayen karɓar kuɗi da suka ci gaba da tsayawa tsakanin gareji da ƙofar tasha. Manhaja tana iya tsara layi, amma ba ta iya cire hannun mai kaki daga aljihun direba, ba ta kuma iya faɗaɗa titi. Duk da haka ta yi abu guda da ba a taɓa yi ba: ta bar sawu. Yanzu akwai rubutaccen lokacin da aka kira mota da lokacin da ta shiga, kuma tazarar da ke tsakani tambaya ce da wani zai amsa, in an so a tambaya.

Rami na biyu da kwanaki ke faɗawa shi ne dawowa ba kaya. Mota ta kai tumatir ko albasa kasuwar Mile 12 da ke Legas, ko ta kai shanu kudu, sai direba ya zauna jiran lodin komawa, yana bin 'yan kamasho. A nan ne kamfanonin fasaha suka hango kasuwa. Kobo360, wanda Obi Ozor da Ife Oyedele suka kafa a Legas, ya zo da manhajar da ke haɗa mai kaya da mai mota kai tsaye, har a 2019 ya tara dala miliyan 30 tsakanin jari da bashi, bankin Goldman Sachs na kan gaba. A Kenya akwai Lori Systems da Sendy. An yi ta yi musu kirari cewa sun zo kawar da ɗan kamasho. Sendy ya rufe a 2023, Kobo360 ma daga baya ya shiga matsin kuɗi mai tsanani.

Me ya faru? Haɗa kaya da mota ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne kuɗi. Direba ba ya tayar da mota sai an ba shi na mai da na hanya a hannu, yau. Babban kamfanin da ke da kayan kuwa ba ya biya sai bayan wata ɗaya, biyu, wani lokaci uku. Wanda ya tsaya a tsakiya shi ke cike wannan giɓi daga aljihunsa, kuma yawan cinikinsa yawan bashin da yake ɗauka. Da naira ta faɗi, gas ya tashi, kuɗin ruwan banki ya hau, sai lissafin ya watse. Ɗan kamashon tasha kuma da aka raina, ashe ba lambar waya kaɗai yake sayarwa ba. Ya san direban, ya san ubangidansa, ya san garinsu. In kaya suka salwanta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Amana yake sayarwa, ita kuwa ba a sauke ta daga intanet.

Shi ya sa manhajar da ta fi kowace aiki a harkar nan har gobe ita ce WhatsApp. A rukunonin direbobi da na 'yan kamasho ake cewa akwai lodin siminti zuwa Gusau, ana neman mota biyu. A nan ake gargaɗin cewa hanyar Birnin Gwari ba lafiya yau, ko tanka ta faɗi a Lambata an rufe hanya. Lokacin da ambaliya ta afka wa Mokwa a ƙarshen Mayun 2025 ta lalata hanyar da ke haɗa arewa da kudu maso yamma, irin waɗannan saƙonni na murya ne ke sa mai hankali ya sauya hanya tun bai shiga tarko ba. Taswirar waya, a tuna, don ƙananan motoci aka fi gina ta; ba ta san gadar da ba za ta ɗauki tirela ba, ba ta san kwanar da doguwar bodi ba za ta iya sha ba.

Wani ƙaramin abu mai babban tasiri shi ne takardar shaidar sauke kaya. A tsohon tsari, sai direba ya dawo da takardar da aka sa wa hannu aka buga wa hatimi kafin a fara lissafin biyan mai mota. Takardar tana aljihun gaban mota, tana shan zufa da baƙin mai, wani lokaci ta ɓace. Yanzu hoto ɗaya da waya, mai ɗauke da rana da wuri, ya isa a buɗe fayil tun motar ba ta juyo ba, muddin mai kayan ya yarda da hakan. Sati guda da aka rage a jiran biya, ga mai mota uku, shi ne bambancin tayar da mota gobe da ajiye ta sai an samo rance.

Kuɗin hanya ma ya koma waya, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da dole ta sa kowa ya koyi tiransifa, OPay da Moniepoint da PalmPay suka cika tashoshi. Maimakon a danƙa wa direba dami guda a Kano ya kwana da shi a daji, sai a riƙa tura masa kashi-kashi, na mai kuma a biya gidan mai kai tsaye. Masu shinge dai har yanzu tsaba suka fi so, don alat yana da suna.

Sai batun rai, wanda ya fi duk waɗannan. A Amurka, tun Disambar 2017 doka ta wajabta wa yawancin direbobin manyan motoci na'urar da ke rubuta awannin tuƙi da kanta. Ba a yarda mutum ya wuce awa 11 yana tuƙi ba sai ya huta awa 10 a jere. A Tarayyar Turai awa tara ce a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Dalilin sa na'ura shi ne littafin da ake cikawa da biro ƙarya ake rubutawa a ciki. A Nijeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fi mayar da hankali kan na'urar taƙaita gudu, wadda ta fara tilastawa sosai a Fabrairun 2017. Amma gajiya ba ta da mai aunawa a kan titi. Direban da ake biya bisa yawan zuwa, ba bisa wata ba, zai yi ta danne barci da goro, da shayi mai kauri, wasu har da ƙwaya. Tirakar da ke motar tana da wannan bayani tsaf: ta san an yi awa 15 ba a kashe inji ba, ta san sau nawa aka taka birki da ƙarfi, ta san an sha kwana da gudu. Mai motar da ke buɗe shafin mai kullum amma bai taɓa buɗe wannan shafin ba, ya nuna abin da ya dame shi.

Mutanen Majiya a Jigawa ba za su manta da daren Oktoban 2024 ba, da tanka ta faɗi ta kama da wuta ta ci rayuka fiye da 150. Bayan wata uku irin haka ta faru a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Daga nan hukuma ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga Maris na 2025. Ba ina cewa waya za ta hana irin wannan ba. Lalacewar titi, lodin wuce kima da talaucin da ke sa mutane rugawa kwasar mai duk suna ciki. Amma motar da ke sanar da ofis a take cewa ta kife, a kira 'yan kwana-kwana da jami'an tsaro kafin jama'a su taru, ta fi wadda sai an ga hayaƙi.

Ita kanta wayar, in ba a yi hankali ba, sabon haɗari ce. Ogan da ke ganin mota ta tsaya ya hau kira, ya ga ta tashi ya sake kira, shi ne ke sa direba tuƙi da hannu ɗaya. Amfanin taswirar ai shi ne a daina kiran.

Gyara kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Malejin yawancin tsofaffin DAF da Mack da ke kan hanyoyinmu ya daɗe da mutuwa, juyen mai sai dai a yi da ka. Tiraka tana ƙirga kilomita da awannin inji, ta tuna maka lokacin sabis. Taya kuma, wadda ake musanya sabuwa da tsohuwa a hanya, maganinta hoton lambar jikinta kafin a tashi da bayan an dawo.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ra'ayin wanda ke riƙe da sitiyari. Yawancin manhajojin nan da Turanci suke, cike da rubutu, alhali direbobi da yawa sun fi sakewa da saƙon murya, wasu da ajami suka fi karatu. Wayar wa za a yi amfani da ita? Wa zai sayi data? In manhajar tana kan wayarsa ta kansa, shin bin sawun yana tsayawa idan ya sauka daga mota ya tafi gida wurin iyalinsa? Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma inda mutum yake bayani ne nasa. Bin mota daban, bin mutum daban. A ɗaya ɓangaren, direban da aka yi wa bayani tsakani da Allah yakan gane na'urar shaidarsa ce shi ma. Ranar da aka ce ya yi yawo da mota, ita za ta nuna a ƙofar kamfani ya kwana uku. Ranar da aka tare shi a daji, ita za ta faɗi inda aka tsayar da shi.

Duk wannan ya dogara ga abu ɗaya: wa ke kallon allon? Manyan kamfanoni suna da ɗaki na musamman da ma'aikata dare da rana. Da matatar Ɗangote ta sanar a 2025 cewa za ta fito da tankoki 4,000 masu amfani da iskar gas don raba mai da kanta, abin da ya tayar da hankalin ƙananan masu tankoki ba yawan motocin kaɗai ba ne. Jerin motoci irin wannan a hannu ɗaya yana iya tsara lodi, hanya da gyara ta yadda mai mota biyar ba zai iya ba. Shi mai mota biyar ɗin, a Potiskum yake ko a Funtuwa, yakan sa tiraka da zumuɗi, ya yi sati biyu yana nuna wa abokai motarsa na tafiya a waya, daga nan ya gaji. Bayan shekara kuɗin sabuntawa ya ƙare, sim ya mutu, akwatin na nan a maƙale ba ya aikin komai. Kamar wanda ya sayi ma'auni ne ya rataye a shago, ya ci gaba da awo da ido.

Ba sai ya gina ɗakin kwamfutoci ba. Yaro ɗaya mai natsuwa da ya iya lissafi, a ba shi aikin fitar da abu huɗu duk ranar Asabar ya wadatar: kwana nawa kowace mota ta yi tana tafiya da kaya, kwana nawa a tsaye kuma a ƙofar wa, kilomita nawa ta yi fayau, lita nawa ta sha. Masu motoci goma a gari ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum biyu su yi musu wannan tare, kuma ƙungiya irin NARTO, ta masu motocin sufuri, tana da girman da za ta nema wa 'ya'yanta farashi mai sauƙi da na'urori masu inganci maimakon kowa ya faɗa hannun mai talla shi kaɗai.

Lokacin zaɓi ma yana ƙurewa. A gabashin Afirka, hukumomin kwastan na Kenya, Yuganda da Ruwanda sun haɗa tsari ɗaya tun 2017, inda ake maƙala wa kwantenar da ta taso daga Mombasa hatimin lantarki ana bin ta har ta ƙetare iyaka. A nan gida, manyan masu kaya da kamfanonin inshora suna ƙara sa tiraka cikin sharuɗɗansu, wasu har sai an ba su damar ganin motar da idonsu kafin su ba da lodi. Ga tashoshin tsandauri na Kaduna, Dala da Funtuwa, waɗanda in suka kankama za su riƙa karɓar kwantena da lokaci da lamba, ba da sanayya ba. Motar da ba ta bayyana a allon kowa za ta ci gaba da samun lodin gawayi da na kasuwar ƙauye, amma kwangilar shekara mai biyan kuɗi ta banki za ta koma hannun waɗanda za su iya tura wa mai kaya mahaɗin intanet ya ga inda kayansa suke.